Tsagar Baba

Shekarun baya, can farkon shekarun tamanin, lokacin ina saurayi a Nima, wata unguwa a Accra, na taɓa ɗaukar mahaifina hoton da aka kai har ƙasar Gobir, aka dawo mana da shi aka ce ba shi ba ne. Masu bibiyata a nan da ke yawan tambayar inda na koyi haska fuska, yau ga amsarku. Sai dai ku sani labarin bai fito da ni da kyau ba.

Ni tela ne. Ni da abokina muna da kekuna biyu a wani ɗan shago kusa da kasuwar Nima, muna ɗinka riguna muna aikin wuya. Hoto kuwa sha'awa ce ta kama ni da rana tsaka. Na sayi wata tsohuwar kyamara a unguwar Tudu hannun wani mutum da ya rantse daga jirgin ruwa ta sauko, na rataya ta a wuya, daga ranar ko tafiyata ta canza. Suna, walima, saukar karatu, ko an gayyace ni ko ba a gayyace ni ba ina wurin, ina durƙusawa ina miƙewa, ina ce wa manya su matsa su gyara tsayuwa. Sau da yawa ma babu fim a ciki, don a shekarun nan komai wuya yake a gari, fim sai an yi sa'a wani ya shigo da shi daga Lome. Amma wa ya sani? Ana kirana mai hoto, ni kuma ina amsawa da ƙarfi.

Mahaifina Bagobiri ne. Ya bar gida bai cika shekara ashirin ba, ya bi fataken goro ba tare da ya yi sallama da kowa ba, ya zauna Kumasi, daga baya ya gangaro Accra ya auri mahaifiyata, haifaffiyar unguwar Maamobi. Sama da shekara arba'in bai koma ba, bai aika ba, ba a aiko masa ba. Yana da tsagar gidansu a kumatu, layuka da suka taso daga gefen baki suka nufi kunne, shida a gefe ɗaya, bakwai a ɗayan. Amma a lokacin da nake ba ku labari sai ka ƙura ido kafin ka gan su. Tsufa ya tattare fatar, saje ya rufe rabi, sauran kuma rawani. Mahaifiyata ta ce tun lokacin da aka kori baƙi daga ƙasar nan ya soma haka. Wata biyu ya yi bai leƙa waje ba, don fuskarsa kaɗai ta isa ta faɗi daga inda ya fito. Aka gama korar, hankali ya kwanta, shi dai bai sake sauke rawanin daga kumatunsa ba.

Yana da wani aboki, Alhaji ne bafataken goro, mutumin wajen Maraɗi, wanda ke hawa arewa da kaya sau biyu ko uku a shekara. Wata rana Alhaji ya dawo daga tafiya, ko gida bai tsaya ya huta ba ya yi sallama a ƙofarmu. Ya ce a wata kasuwar ƙauye hira ta kai shi ga wata tsohuwa da ke da ƙane da ya ɓace a hanyar goro. Sunan uba ya zo daidai, sunan uwa ya zo daidai, sunan gari ya zo daidai. Yayar Baba ce, ciki ɗaya, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu.

Baba ya dubi Alhaji. Ya ce, "Da idonka ka gan ta?"

"Da idona. Har hura ta dama mani. Amma ba ta yarda ba, Malam. Ta ce tun tuni anka kawo masu labarin ka mutu Kumasi, sunka yi sadaka, sunka yi kuka sunka gama. Ta ce suna kowa na iya jin shi bakin fatake. In da gaske ne, a kai mata hoto ta gani."

Sai ya ƙara da abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa. Idon tsohuwar ya soma yin yana. Ɗaya ya riga ya tafi, ɗayan ne take lallaɓawa da shi, shi ma sai ta kawo abu dab da fuskarta.

Za ku ce me ya hana Baba ya hau mota ya tafi da kansa. Ni ma na tambayi mahaifiyata haka. Ta ce kunya. Mutumin da ya fita ba sallama, uwa ta rasu bai sani ba, uba ya rasu bai sani ba, ba zai iya zuwa ya tsaya a ƙofar gidan da aka yi masa sadakar mutuwa ba sai an ce masa ya zo.

Ni kuwa da na ji an ambaci hoto, sai na ji kamar an naɗa ni sarauta. Na ce kada kowa ya damu, ai akwai mai hoto a gida. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Baba ya saka farar shaddarsa mai aiki, wadda ni na ɗinka, ya naɗa farin rawani, na tsayar da shi a tsakar gida jikin farin bango, rana na tsakiyar ka. A tunanina na lokacin, yawan rana shi ne kyan hoto. Na ja da baya sosai don rigar ta fito duka, har da takalmi, na danna sau ɗaya na ce an gama.

Da aka wanko hoton, abokina ne ya fara gani a shago. Ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa.

"Chale, aboki na, riga ka ɗauka ko mutum? Baba ya na ina?"

Gaskiya rigar ta fito, kowane zare na aikin wuyan ana iya ƙirga shi. Amma inda fuska take, wani baƙin dunƙule ne kawai tsakanin rawani da wuyan riga, da ɗan ƙyalli biyu wurin idanu. Na ce masa ai haka hoton manya yake, kwarjini ne. Baba ma da ya gani bai yi ƙorafi ba, ina jin rigar ce ta burge shi, yana so yayarsa ta ga bai wulaƙanta a baƙon wuri ba. Aka saka a ambulan, Alhaji ya tafi da shi.

Wata huɗu muka jira. Ranar da Alhaji ya dawo, ya zauna kan tabarma, ya ciro ambulan ɗin nan dai da muka ba shi ya ajiye gaban Baba.

"Ta kai shi bakin ƙofa, ta daɗe tana dubawa. Ta ce, na ga riga, na ga rawani, ban ga ƙanena ba. Ta ce ƙanenta na da tsagar gidansu, in shi ne a nuna mata. Ta ce ta yi kukan mutuwa tai sau guda, ba ta sake buɗe zuciyarta bisa riga."

Ba wanda ya dube ni, kuma hakan ya fi zagi ciwo. Baba ya ɗauki ambulan ɗin ya tura ƙarƙashin buzunsa, ya tambayi Alhaji labarin hanya kamar ba a yi komai ba. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Wata huɗu na idon tsohuwa na cinye da rawar kaina, kuma ba wanda ya san ko wata nawa suka rage mata.

Alhaji ya ce bayan sati shida zai sake hawa. Na yi wa kaina alkawari kafin ranar sai na san yadda ake fito da fuska.

Dabarar farko da ta zo mini ita ce filasha, wato fitilar nan da ake ɗaura wa kyamara ta yi walƙiya. Na aro a wajen wani a unguwar Kotobabi, na zaunar da Baba a ɗaki na watsa masa ita a fuska. Wannan karon fuskar ta fito, amma sumul, goshi na ƙyalli, idanu a zare, tsagar kuwa babu ita sam, hasken ya share ta. Baba ya duba ya ce, "Ka maishe ni awa wanda anka kama cikin rumbun mutane." Mahaifiyata ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni ban yi ba, don fim ɗina ya kusa ƙarewa kuma babu wani a gari.

Abokina ne ya ce in sauke girman kai in je wajen tsohon nan na Maamobi. Wani dattijo ne ɗan Togo da ke zama gindin bishiya da kyamarar katako mai ƙafa uku, irin wadda ake shiga cikin baƙin ƙyalle, yana yi wa maniyyata hoton fasfo. Na sha wuce shi da tawa a wuya ina yi masa kallon wanda zamani ya bari a baya. Ranar dai na je, na gaishe shi har ƙasa, na miƙa masa hotunan biyu, na ba shi labari tun daga farko.

Ya dube su, bai yi dariya ba. Na miƙa masa kyamarata don ya duba ko ita ce da laifi, ya ture ta da bayan hannu.

"Kyamara ba shi da laifi. Kyamara wawa ne. In ya ga fari da yawa, ya rufe ido. Kai ka sa mutum baƙi cikin riga fari, jikin bango fari, rana bisa kai. Me ka ke so ya gani?"

Na ce to filashar fa, Papa?

"Wannan koraa, sam kar ka yi maganan shi. Wuta daga gaba ya na cika rami duka. Tsaga rami ne. In babu inuwa a ciki, babu tsaga." Sai ya dubi zaren da ya maƙale a rigata. "Wane aiki ka ke yi?"

Na ce ɗinki.

"In ka yi aiki fari bisa shadda fari, ka na so ka duba ko ya yi daidai, ina ka ke kai shi? Tsakar rana?"

Na ce a'a, bakin ƙofar shago nake kaiwa, in karkata shi, haske ya bugo daga gefe, sai kowane zare ya tashi.

Ya miƙo mini hotunana. "To me ka zo tambaya na?"

Abin da hannuna ke yi kullum tun ina ɗan koyo, ban taɓa tunanin shi ne abin da ake nema a hoto ba. Kafin in tafi ya ƙara mini abu biyu. Ya ce in matsa kusa in auna hasken a kan kumatun mutum, ba a kan rigarsa ba. Ya kuma ce in nemi wani abu mai ɗan ƙyalli in riƙe a gefen da ke duhu, ya maido da haske kaɗan, kada rabin fuska ya ɓace. Ya tambaye ni saura hoto nawa a fim ɗin. Na ce huɗu. Ya ce to in ajiye kyamarar a akwati, in yi wata guda ina kallo da ido kawai.

Haka na yi, kuma shi ne wata mafi ban dariya a rayuwata. Duk wanda ya san Nima ya san yadda gidajenmu suke, kwano na taɓa kwano, lungu ba ya ɗaukar mutum biyu a jere. Rana ba ta shigowa yadda take so, sai ta sami kafa. Na shiga bin ta kamar mai bin kaza. Da hantsi ina ƙofar makwabta, da azahar ina bakin famfo, da la'asar ina zaune a tsakar gida ina kallon bango. In ina magana da mutum ba na jin abin da yake faɗa, ina kallon inda inuwar hancinsa ta faɗi. Wani makwabcinmu ɗan arewacin Ghana mai tsaga a fuska ya sha wahalata, kullum sai na roƙe shi ya juya nan, ya juya can, har ya soma canza hanya in ya hango ni. Abokina ya ce wa masu kawo ɗinki su yi mini addu'a, hoto ya taɓa ni.

Mahaifiyata na sayar da koko da ƙosai da safe, tana da wani babban tire na alminiyam da take jera kofuna. Shi na gano ya fi komai maido da haske. Kullum in ta tashi daga kasuwa sai in wanke shi in yi ta karkata shi a fuskar duk wanda na samu. Ta ce, "Kai, tire na ne ka mai da madubi? In ya lanƙwashe, kai da koko ba ku sake gamuwa." Amma ba ta taɓa hana ni ba.

A hankali na gano wurin. Ƙofar ɗakin Baba na kallon yamma, kuma bayan la'asar da ɗan lokaci, rana na sauka ta wata kafa tsakanin rufinmu da na makwabta, ta bugi bangon da ke gefe, ta shigo ƙofar a kwance, mai laushi. Ba ta daɗewa, ko shan shayi ba ka gamawa take wucewa. Wata rana na ga Baba zaune a nan yana jan carbi, rawanin ya ɗan zame, hasken ya bi ta kumatunsa. Na ga layukan sun tashi ɗaya bayan ɗaya. Na tsaya ina kallo har ya ɗago ya ce mini lafiya.

Ashe gano haske ne mai sauƙin. Mai wuyar shi ne Baba. Da na ce masa sai ya cire rawani ya sa hula kawai, wanzami ya rage sajen, ya ajiye farar shadda ya sa tsohuwar rigarsa mai ruwan bula, sannan ya kau da fuska gefe, sai ya ɓata rai.

"In aika ma yayata hoto cikin tsumma, kai ba rawani, ina kallon bango? Ta ce mi na samu cikin shekara arba'in?"

Na yi bayani, na sake yi, har na soma ɗaga murya, abin da ban saba yi masa ba. Ya ce in tashi in ba shi wuri. Kwana uku ba ya amsa mini sai gaisuwa. Mahaifiyata ce ta gyara, kuma ba da doguwar magana ba. Tana tsince wake a bakin ƙofa, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "Malam, ka aika riga, an dawo da shi. Tsohuwa nan fuskan ka ya ke so. Abin da ka ke ɓoye ma Accra, shi ne abin da ya ke nema."

Ya ci gaba da jan carbinsa. Amma washegari da safe na ga wanzami zaune a ƙofar ɗakinsa yana wasa aska.

Saura kwana biyar Alhaji ya tashi, sai hadari ya rufe gari. Damina ce, kuma in ta kama a Accra ba ta da alkawari. Kullum bayan la'asar Baba zai sa rigar bula ya zauna a ƙofa, mahaifiyata ta riƙe tire, ni in durƙusa da kyamara, mu yi ta kallon sama har a kira magariba. Rana ɗaya, biyu, uku. Babban gota, wato kwatar unguwa, ya cika ya tumbatsa, lungu ya zama taɓo. A rana ta uku na ce ko in ɗauka haka nan, kada mu rasa duka. Baba da kansa ya ce, "A'a. Ka ce akwai haske, mu jira shi."

A rana ta huɗu ruwan ya ɗauke da azahar. Bayan la'asar gajimaren ya tsage ta yamma, bangon ya yi haske, hasken ya shigo ƙofar kamar yadda ya saba. Na matsa har ina jin numfashinsa, na auna a kan kumatu, na ja baya taku biyu kawai. Na ce wa mahaifiyata ta ɗan ɗaga tiren, ta karkata. Na ɗauki gefen dama, na juya shi na ɗauki na hagu, na ɗauki ɗaya yana kallona da rabin fuska. Kafin in danna na huɗun rana ta wuce.

Washegari tun da safe na kai wankin, na tsaya a kansu har suka ba ni da yamma. Ban buɗe ba sai da na je gindin bishiyar nan ta Maamobi. Tsohon ya ciro su, ya miƙa hannu nesa, ya matso da su kusa. Ya ce, "Yoo. Wannan mutum ne." Iyakar yabon da na samu ke nan, kuma har yau ban sami wanda ya fi shi daɗi ba. Da asuba na kai wa Alhaji ambulan a tashar Tudu, motar har ta tayar.

Sai jira. Wannan karon ban yi wa kowa cika baki ba. Baba kuwa ya koma naɗa rawaninsa, amma na lura ya daina jan shi har kumatu. Duk ranar da aka ce motar arewa ta shigo, sai ya sami dalilin zama a ƙofar gida.

Wata uku da 'yan kwanaki Alhaji ya dawo. Bai kawo ambulan ba. Ya ciro kaset daga aljihu, a naɗe cikin ƙyalle. A lokacin haka ake aika saƙo in mutum bai iya rubutu ba, a sami mai rediyo a ɗauki murya. Aka aro batir a makwabta aka sa wa rediyo, muka zauna a tsakar gida da hantsi, ni da Baba da mahaifiyata da Alhaji. Aka danna. Da farko kukan awaki ne da muryar wani yana cewa ta yi magana an kunna. Sai muryar tsohuwa, siririya, a hankali. Ta yi sallama, ta kira Baba da wani suna na yarinta da ko mahaifiyata ba ta taɓa ji ba.

Ta ce, "Na kai hoton bakin ƙofa, na ƙidaya. Shidda, bakwai. Amma wanga duk Bagobiri na da shi, ba shi na nema ba. Na nemi ta ukku daga sama, kuncin hagu. Na gan ta, ta karkace wajen kunne." Sai ta ci gaba. "Ba ka san mi ya sa ba, don ba a taɓa gaya maka ba. Ran da anka yi maka ita ina 'yar shekara tara. Wanzami na yanka, kana kuka, ni ko ban iya jurewa ba, na ruga na riƙe mashi hannu. Askar ta goce. Inna ta ba ni kashi ranan har na kasa zama. Ni na karkata ta. Ka zo gida, ƙanena. Ba wanda ke fushi da kai, waɗanda za su yi duk sun tafi."

Baba ya ɗaga hannu ya shafa kuncinsa na hagu, ya bi layin da yatsa har wajen kunne. Bai yi kuka a gabanmu ba. Ya tashi ya shiga ɗaki ya saki labule. Ni kuma na je na ciro kwafin hoton da na ajiye, na kai shi bakin ƙofa. Ga ta nan, ta uku daga sama, ta tafi daidai sannan ta goce. Shekara ashirin da biyar ina kallon fuskar nan, ni da ke kiran kaina mai hoto, ban taɓa ganinta ba.

Da damina ta wuce Baba ya bi Alhaji. Wata biyu ya yi a can. Da ya dawo ya rame, amma yana yawan magana, har labarin ƙuruciyarsa ya soma ba mu. Sai da aka kwana biyu na tambaye shi ko ta gane shi da ya shiga. Ya ce ko da ya isa, ɗaya idon ma ya rufe. Ba ta gan shi ba. Ta dai sa ya durƙusa ta shafa fuskarsa. Ta ce masa bayan hoton da 'yan makonni komai ya zama hazo, don haka fuskar da take gani in yana magana ita ce ta cikin hoton, da hula da rigar bula, yana kallon gefe.

Na sha tunanin wannan. Da na sake ɓata wancan zuwan, da na ɗauka cikin hadari don gajen haƙuri, da Alhaji ya kai mata takardar da ba za ta iya gani ba, kuma da Baba ya mutu a Nima a matsayin wanda aka riga aka yi wa sadaka. Abin yana ba ni tsoro har yanzu, kuma yana sa ni godiya ga Allah.

Ban zama babban mai hoto ba, ɗinkina na ci gaba da yi har idona ni ma ya soma gajiya. Amma tun daga lokacin ban sake ɗaga kyamara ba sai na tambayi kaina wa zai kalli hoton nan, kuma me yake nema a ciki. Yanzu jikokina na ɗauka ta da waya, su goge mini duk wata tattara a fuska, su ce sun gyara ni. Nakan ce su mayar mini da kayana. Wata rana wani zai nemi kakansa a hoton nan, kuma ban san da wane layi zai gane ni ba.